Kaset ɗin 'Yan Sista a Ɗakin Iya

Bidiyon da ya fara shigowa gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka ba sabo ba ne. Yayana ne ya sayo shi a haraj ɗin Jidda, wato kasuwar gwanjo, mai kayan ya haɗo masa da kwali guda na kaset-kaset, mafi yawansu ko suna babu a jiki. Muka yi ta sakawa ɗaya bayan ɗaya. Kokawa, ƙwallo, bikin wasu mutane da ba mu san su ba, sai kuma wani fim na Turawa wanda farkonsa ya lalace, hoton yana rawa, kalarsa ta koɗe. Da gicciye ya bayyana a bango sai yayana ya miƙa hannu zai cire. Ni ce na ce ya bari mu gani, don na ji kiɗan tsoro ya fara. A lokacin ina 'yar sakandare, kuma ba abin da nake so irin a tsorata ni.

Fim ne na marasa ƙarfi, wannan ko mu da ba mu san komai a kan fim ba mun gane. Lungu ɗaya ne a gidan, sai su yi ta bin sa suna canza labule don mu ɗauka wani wuri ne daban. Mutumin da ya fito a mai shara shi ne ya dawo likita, gashin baki kawai ya ƙara. Dodon kuwa fuskar roba ce, ana ganin inda ta ƙare a wuyansa. Labarin shi ne wata mata ta kawo 'yarta marar lafiya gidan 'yan sista, matan cocin Katolikan nan masu lulluɓi da ba sa aure, ta bar ta a hannunsu ta tafi. Ashe akwai iska a gidan. Kyandirori suna mutuwa da kansu, mutum-mutumin da suke durƙusa wa yana hawayen jini, wani tsohon fada, wato limamin coci, yana yawo da ruwa a kwano yana yayyafawa yana karatu da wani yare. Duk da arharsa, wallahi ya tsorata ni. Na daɗe ba na shiga banɗaki sai ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa.

Talabijin ɗin a ɗakin kakata yake, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Iya. Ba don tana so aka kai shi can ba. Mukayyif ɗin ɗakinta, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne ya fi sanyi, falo kuma na baƙin Baba ne. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana take ƙwallewa kowa ya shige gida, Baba kuma yana kantinsa na dardumai da carbi a Aziziyya, nan muke tarewa. Iya tana kan shimfiɗarta tana tsintar shinkafa ko tana jan carbi, ta juya wa akwatin baya. Ta ce akwatin 'yan zaman banza ne.

Iya ba ta taɓa yarda Larabci ya zauna a bakinta ba, bayan na salla da na cinikin kasuwa. Mu kuwa da aka haifa a Makka, da shi muke faɗa, da shi muke mafarki. Ta yi mana Hausa mu mayar mata da Larabci, ta yi tsaki ta ce, "Ji wai jikokina ne waɗannan. Baki duk ya karkace." Ni na fi kowa shan faɗa don na fi kowa baki.

Wata rana na sake saka fim ɗin ni kaɗai, don in gwada ko zan iya kallon wajen dodon ban rufe ido ba. Ana nuna inda uwar take miƙa yarinyar a bakin ƙofa, sai na ji muryar Iya a bayana.

"Ke, mayar da shi baya."

Na juyo. Ta ajiye farantin shinkafa, ta gyara zama.

"Iya, fim ɗin tsoro ne fa. Na Kirista."

"Na tambaye ki na waye? Mayar da shi baya na ce, uwar surutu."

Na mayar. Ta kalli wajen har sau uku. Sannan ta nuna sistar da ta karɓi yarinyar ta ce, "Me ta ce mata?"

Ina ruwan biri da gada, in ji masu magana, amma ni ko wannan ban iya faɗa ba a lokacin. Turancina na makaranta ne, Hausata kuma ta aike ce: kawo ruwa, rufe ƙofa. Na yi ta kame-kame, ina cusa Larabci inda na rasa kalma. Ta ce, "Da Hausa. Ba 'ɗayyib' ake cewa ba, 'to' ake cewa." Haka na zama tafintar Iya, ba da son raina ba.

Daga ranar, kusan kullum sai ta ce, "Sako mana 'yan sistan nan." Abin da ya ɗaure min kai shi ne ko kaɗan ba ta jin tsoro. Dodo ya fito ina ƙanƙame matashi, ita sai ta kwashe da dariya. "Wannan ne aljanin? Kai, Allah ya sawwaƙe. Ko akuya ba zai kora ba." Jini ya zubo ta ce tumatirin gwangwani ne, an yi asararsa. Fada ya ɗaga gicciye yana ihu ta ce, "Bawan Allah, kai dai ka sha wahala." Ba labarin take kallo ba. Bayan 'yan wasan take leƙawa. Ta sa ni in tsayar da hoto don ta ƙirga barguna a kan gadajen yara, ta duba ko da takalma a ƙafafunsu, ta ga abin da ke cikin kwanukansu.

Tambayoyinta kuwa ba sa ƙarewa. Suna dukan yara? Idan yarinya ta girma suna yi mata aure, ko dole ta zama irinsu? Suna cin abinci tare da su ko sai sun ƙoshi su ba su saura? Wata rana ta ce, "To wa yake yi musu kitso?" Na fashe da dariya na ce, "Iya, Baturiya ce fa, gashinta har baya, wane kitso?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai ba duka ne Turawa ba."

Akwai wuri ɗaya da ta fi so. Yarinyar tana kwance zazzaɓi ya rufe ta, wata tsohuwar sista mai ƙiba ta zauna a bakin gadon, ta taɓa goshinta da bayan hannu, ta ɗebo miya a cokali, ta hura, sannan ta ba ta. Ko minti ɗaya wajen bai kai ba, kuma na tabbata masu fim ɗin sun sa shi ne kawai don mutum ya saki jiki kafin taga ta buɗe da ƙarfi. Amma Iya sai ta matso har gaban akwatin.

"Kin gani? Ta hura. Ta hura kafin ta ba ta."

"Na gani, Iya. Jiya ma na gani. Shekaranjiya ma."

"Wanda ba ya ƙaunar yaro ba ya hura masa abinci."

Da an wuce nan sai ta ce, "Kashe." Ba ta taɓa yarda mu ci gaba ba. Na yi magiya, na ce yanzu ne ma fim ɗin zai yi daɗi, ta ce ita nata ya ƙare. Haushi ya yi ta kama ni, don ina da ƙawaye a maƙwabta da nake son zuwa wajensu, ga ni a tsare ina maimaita cokalin miya. Yau da zan samu a mayar da ni ɗakin nan, da ƙarar mukayyif da ƙamshin man zafin da take shafa wa gwiwa, wallahi sai in maimaita mata shi har magariba.

Asirinmu ya tonu ranar da Baba ya dawo da wuri saboda ciwon kai. Ya turo ƙofa daidai lokacin da 'yan sista suke durƙushe a gaban mutum-mutumi, kyandir ko'ina, gicciye ya cika fuskar talabijin. Baba mutum ne mai sanyi, amma ranar na ga jijiyar wuyansa.

"Inna lillahi! A gidana? A Makka? Mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su ga garin nan sau ɗaya, ku kuna ciki kuna kallon gumaka?" Ya juyo kaina da Larabci, ya ce ni ce shugabar rashin kunya, ya danna bidiyon ya zaro kaset ɗin. Na san ƙasa zai buga shi ya taka.

Iya ta ce, "Ajiye."

"Iya, ki yi haƙuri, yaran nan ne suke..."

"Ni na sa ta. Ajiye, ka zauna. Ke ma zauna, ina za ki?"

Baba ya durƙusa a bakin shimfiɗarta, kaset ɗin yana hannunsa. Duk gidan mun san cewa Iya da marigayi kakanmu sun baro ƙasar Kano suna matasa, suka yi shekaru a hanya, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, suna tsayawa su yi ƙwadago su ƙara gaba. Mun san an haifi Baba a Sudan lokacin da suke tsintar auduga. Mun kuma san an ce yana da yaya mace da ta rasu a hanya kafin a haife shi. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ƙari.

Iya ta ce, "Yayarka ba ta mutu ba. Ko ta mutu, ba a gabana ba."

Ta ba da labarin tana kallon tafin hannunta. A ƙasar Chadi sanƙarau ya kama yarinyar, lokacin ta fara magana sosai, ta iya cewa ruwa, ta iya cewa goyo. Wuyanta ya ƙage. Aka ce musu babu magani sai a wani asibitin 'yan mishan. Suka kai ta, 'yan sista suka karɓa. Ayari ya jira su har ya gaji, damina tana matsowa, kuma in hanya ta rufe sai baɗi. Kakanmu ya ce su tafi, in sun sauke farali sai su biyo ta nan su ɗauke ta, ai hanyar gida ce. Iya ta ce ta shiga ta same ta tana barci, ba ta tashe ta ba don kar ta yi kuka. Ta kwance zanen goyonta ta ajiye mata a gefen gado.

"Muka zo, muka zauna. Bana, baɗi, bana, baɗi. Babanka ya ce a riƙa cewa ta rasu, don kar a ce mun bar 'yar Musulmi a hannun Kirista. Ni ma na bi shi na faɗa, har bakina ya saba." Ta nuna kaset ɗin da haɓa. "Ban taɓa ganin cikin gidajensu ba. A bakin ƙofa na tsaya, sai ɗakin marasa lafiya. A garin nan wa zan tambaya yadda suke riƙe yara? Sai ga shi Allah ya kawo min har ɗaki. Na san wasa ne, ban haukace ba. Amma mai wasa ma abin da ya gani yake kwaikwaya. Ka bar min abina."

Baba ya daɗe a durƙushe, sannan ya mayar da kaset ɗin cikin bidiyon da hannunsa, ya fita. Na ji shi a banɗaki ya saki famfo, ruwa yana ta zuba.

Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na ce, "Iya, ya sunanta?"

Ta harare ni. "'Yar fari ce. Kin taɓa jin uwa ta kama sunan 'yar fari? Ba ku da kunya, 'ya'yan Makka." Na ce ai don a nema ne. Ta ce waɗanda suka riƙe ta sun daɗe da sa mata nasu. Har ta koma ga Allah ban ji sunan daga bakinta ba, kuma na yi fushi da ita a kan haka, fushi na gaske.

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa. Duk alhajin Chadi da ya shigo kantinsa sai ya ba shi shayi ya yi masa tambayoyi. Amma Iya ba ta san sunan garin ba. Ta ce dai akwai kogi, akwai itatuwan mangwaro, ginin jan bulo ne. Alhazan su yi murmushi su ce irin wannan wuri ai ba ya ƙirguwa.

Sai ya koma wa kaset ɗin. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Iya tana barci, ya ɗauke bidiyon da talabijin ya kai falo, ya kira ni in fassara masa. Mutumin da ya kusa taka shi, ga shi zaune da hularsa a gwiwa yana kallon dodon roba. Muka kai ƙarshe. Fada ya kori iskar, shi ma ya faɗi ya mutu, gari ya waye, yarinyar ta warke. Sai ga uwar ta dawo da mota, yarinyar ta sheƙo da gudu ta faɗa jikinta, tsohuwar sista tana ɗaga musu hannu daga bakin ƙofa. Baba ya share ido ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ta warke. Dole Iya ta ga wannan, hankalinta zai kwanta." Ni ma haka na gani. Mun ɗauka tsoron mutuwar yarinyar ne yake sa ta ce a kashe.

Washegari da ta ce "Kashe," Baba ya ce, "Iya, don Allah yau ki bari ya ƙare. Alheri ne a gaba." Ta dube shi, ta dube ni, ta ce to. Ta zauna ta kalli duk haukan, tagogi suna fashewa, gado yana rawa, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Da yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa, na ji Iya ta sauke numfashi ta ce, "Madalla." Baba ya kalle ni yana murmushi.

Sai motar ta shigo.

Iya ta bi matar da ido tun daga fitowarta har ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Ta ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Uwar ce, Iya."

"Ta dawo?"

"Ta dawo."

"Yarinyar ta gane ta?"

Ga shi nan tana gani da idonta. Rubutu ya fara hawa, kiɗa yana tashi. Murmushin Baba ya ɓace. Iya ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Ita dai ta koma." Ta jawo butarta ta fita alwala, ko la'asar ba a kira ba.

Ba ta sake cewa a sako 'yan sista ba. Na yi tayi, ta ce ta gani ya isa. Ɗakin ya koma kokawa da ƙwallo, ita kuma ta koma juya wa akwatin baya. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata. Na saba da zaman, na saba da gyaran da take yi wa Hausata, har na fara ba ta amsa ba tare da Larabci ba. Hausar da nake rubutu da ita yau a gaban wannan fim na koye ta.

Bayan wasu makonni ta ce wa Baba tana son ya fita da ita a mota. Ya ɗauka Harami take son zuwa, ta ce a'a, hanyar Jidda. Na bi su don in riƙe ta. Muka fita daga gari da hantsi, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Da muka wuce iyakar Harami ta ce ya juyo ya fuskanci Makka kamar masu shigowa. Ya juyo. Can gaba akwai babban allo a saman titi, inda hanya ta rabu biyu: Musulmi su miƙe, wanda ba Musulmi ba ya ratse dama ya zagaye garin. Sau nawa na wuce ƙarƙashin allon nan ban taɓa ɗaga kai ba.

"Tsaya nan," in ji Iya.

Baba ya gangara gefen titi. Ta sa na sauke mata gilashi, zafi ya bugo mu. Ba ta iya karatu ba, sai ta ce in karanta mata abin da aka rubuta, da Hausa. Na karanta. Ta zuba wa hanyar daman ido. Manyan motoci ne suka fi binta, jefi-jefi ƙarama ta ratse. Duk wadda ta ratse sai Iya ta bi ta da kallo har ta ɓace a bayan dutse.

Baba ya ce, "Iya, rana tana yi. Mu tafi?"

Ta ce, "Shekara da shekaru, duk lokacin aikin haji ina duba fuskokin matan Chadi. Ina cewa ko Allah zai sa ta tambaya, a ce mata iyayenki Makka suka tafi, ta biyo." Ta goge bakinta da gefen mayafi. "Ashe ko ta biyo, nan za a ce mata ta ratse."

Baba ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

Iya ta ce, "Kar ka tayar tukuna. Bari in ga wannan farar da ke tahowa."

Muka jira farar motar. Ta iso, ta miƙe hanyar Makka. Iya ta ce a jira wadda ke bayanta.